Kafin ka haɗa manhajojinku a kan kalmar sirri ɗaya

Ƙannena masu kula da kwamfutocin makarantu da asibitoci masu zaman kansu a nan Katsina, na ga yanzu kowa so yake ya haɗa Nextcloud (ta ajiyar fayiloli) da Moodle (ta karatu) da sauran manhajojin da ke kan sabarsa, ma'aikaci ya shiga sau ɗaya ya samu duka. Abu ne mai kyau. Sai dai gidan ya koma mai zaure ɗaya ke nan, ranar da ƙofar zauren ta cije, har mai gidan a waje zai kwana. Abubuwan da zan faɗa muku sai da suka ci mu kafin muka gane su.

Tun kafin ka taɓa komai, bar wa kowace manhaja asusun shugaba guda wanda bai dogara da Keycloak ba, wato manhajar da ke tantance mai shiga a madadin sauran. Rubuta kalmar sirrinsa a takarda, a kulle a ofishin mai wurin. A Nextcloud, in ka ƙara ?direct=1 bayan /login, tsohon shafin shiga zai fito ko da ka sa ana tura kowa Keycloak kai tsaye. Gwada shi yau, kada ka bari sai ranar da ake rubuta jarrabawa.

Wajen girka Keycloak, umarnin start-dev na gwaji ne kawai, ɗan ƙaramin rumbun bayanai mai suna H2 yake amfani da shi. Aikin gaske a kan babban rumbu irin PostgreSQL ake ɗora shi. Kada ka zuba ma'aikata a realm (wato sashen asusai) ɗin master, buɗe musu nasu. Tsakanin OpenID Connect da SAML kuwa, hanyoyin da manhaja ke magana da Keycloak, in manhajar na karɓar na farko, ɗauke shi. Adireshi ɗaya za ka ba ta, mai ƙarewa da /.well-known/openid-configuration, ita ta kwaso sauran. Darussan intanet da yawa tsofaffi ne, za ka ga /auth a cikin adireshin da suke bayarwa, alhali tun fitowar Keycloak ta 17 aka cire shi.

Saƙon da zai fara tare ka shi ne "Invalid parameter: redirect_uri". Adireshin da manhajar ta ce a dawo mata da mutum bai yi daidai da wanda ka rubuta a Keycloak ba, ko da bambancin sanda (/) ɗaya ce a ƙarshe. Galibi ma ba kuskuren rubutu ba ne. Nginx, mai tsaron ƙofar sabar, ne ke gaba yana karɓar https, yana miƙa wa manhajar http, ita kuma ta ɗauka a http take. Sa Nginx ya aika X-Forwarded-Proto da X-Forwarded-Host, a Keycloak ka saita proxy-headers zuwa xforwarded, a Nextcloud ka sa overwriteprotocol ya zama https. Wasu in sun gaji sai su sa alamar tauraro (*) a wurin adireshin, komai ya wuce. Kada ka yi. Ka ba ɓarawo damar a tura masa lambar shigar mutum zuwa shafinsa ke nan. In kuma saƙon kuskure na 502 ka gani bayan an sa kalmar sirri daidai, ƙara proxy_buffer_size, kan saƙon (header) ne ya fi ƙarfin wurin da Nginx ya tanada.

Sai agogo, wanda shi ne ciwon da ya fi damun irin wurarenmu. Tikitin da Keycloak ke bayarwa yana ɗauke da lokacin fitarsa da na mutuwarsa, kuma in ba ka canza ba minti 5 yake rayuwa. Lambobin tabbatarwa na waya kuma duk daƙiƙa 30 suke sauyawa. To ga tsohuwar kwamfuta an mayar da ita saba, ɗan batirin CR2032 na cikinta ya mutu, wuta ta ɗauke da dare, inbata ta sauke kafin asuba. Da safe ta tashi da lokacin da ba shi ba, kowa ya sa kalmar sirrinsa daidai a dawo da shi shafin farko. Canza batirin, girka chrony, mai daidaita agogo, a kan kowace saba, ka duba da timedatectl. Kada kuma ka gyara lokacin da hannu kana kallon agogon bango. Idan sabar tana kan UTC ka sa mata lokacin Katsina, ka tura ta gaba da awa ɗaya cur. Sa yankin lokacin ya zama Africa/Lagos tukuna.

Wani abin da ba ya nuna kansa sai bayan watanni shi ne da me manhajar ke gane mutum. Kada ya zama sunansa ko imel ɗinsa. A makaranta ɗaya za ka samu Abubakar uku da Aisha huɗu, imel kuma ana canzawa, wani lokaci a ba sabon ma'aikaci na wanda ya tafi, ya buɗe ya tarar da fayilolin mutum. Yi amfani da sub, lambar da Keycloak ke ba kowane asusu. Amma ita ma tana da sharaɗi: in rumbun ya lalace ka sake ƙirƙirar mutane da hannu, sababbin lambobi za su samu, kowa ya shiga Nextcloud ya ga wayam. Don haka kullum ka kwafi PostgreSQL da pg_dump zuwa wata na'ura daban. Fitar da realm daga shafin shugaba ba ya haɗawa da mutane, sai kc.sh export. Takardar shaidar https ta Let's Encrypt ma kwana 90 take yi, ka tabbata sabuntawar na tafiya da kanta.

Ranar da aka sallami ma'aikaci, rufe asusunsa a Keycloak bai wadatar ba. Manhajar Nextcloud da ke wayarsa tana da nata mabuɗin da ta karɓa tun ranar farko, za ta ci gaba da sauke fayiloli. Rufe shi a can ma, ka saita backchannel logout, wato Keycloak ya sanar da manhaja ta fitar da mutum, a duk manhajar da ke karɓarsa. Sannan ka buɗe asusun gwaji, ka shiga da shi a waya, ka rufe shi a Keycloak, ka ga ko wayar ta daina aiki.