Abincin Tara: Yadda Nake Shirya wa Yarana Kular Makaranta

Tun da yarana suka shiga firamare na zaɓi in riƙa zuba musu abinci daga gida maimakon ba su kuɗin tara, domin abin da ake sayarwa a ƙofar makaranta galibi alewa ce da biskit da lemon roba, kuma yaron da aka damƙa wa kuɗi ba zai tsallake zaƙi ya nemi abin da zai riƙe masa ciki ba. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukarin da ya kusa cika ƙananan cokula 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu daga abincinsa na yini.

Wake ne ginshiƙin abin da nake zubawa, saboda yana gina jiki, yana ƙosarwa, kuma bai kai nama tsada ba. Wata rana garau-garau, wata rana ɗanwake da dafaffen ƙwai, ko ƙosai, ko awara da soyayyen dankali. A gefe nakan saka ɓararren lemu ko gwaiba, domin bitamin C da ke cikinsu yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake. Zogale kuwa, idan aka ba su shi a kwaɗo sai ya dawo yadda ya tafi, amma idan na yanka shi ƙanana na zuba a dafa-duka ko a wainar ƙwai, cinye shi suke yi ba gardama.

Babban darasin da na koya shi ne, zafin gari ne yake yanke hukuncin abin da zai shiga kula. Abincin da aka sauke bayan sallar asuba sai wajen ƙarfe 10 za a buɗe shi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40. Masana lafiya sun yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a cikin sanyi ba, ba kuma da zafinsa ba. Saboda haka nakan ɗauraye kula da tafasasshen ruwa, sannan in zuba abincin yana tururi in rufe nan take. Shinkafar da ta kwana ba ta shiga kular yarana, ko da ƙanshinta bai canja ba. Alale da kunun aya da fura da nono, duk da amfaninsu, nakan bar su sai an dawo gida a lokacin bazara, domin saurin lalacewa gare su. A madadinsu nakan ba da ƙwai da ɓawonsa, da ayaba, da dabino, da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ga manyan, waɗanda ba a fargabar su ƙware.

Na kuma fahimci cewa cika kula maƙil ba gata ba ne, tunda lokacin tara gajere ne kuma hankalin yaro yana wajen wasa. Ina zuba daidai cikinsa da ɗan ƙari, domin yaranmu ba sa ci su hana abokin zama, kuma wannan ɗabi'a ce da nake so ta ɗore. Kowa yana tafiya da cokalinsa da gorar ruwansa.

Da sun dawo nakan buɗe kulolin da kaina in ga abin da ya rage, in tambayi dalili cikin lalama, sannan in wanke su har robar murfi, inda maiƙo yake maƙalewa, in kife su su bushe. Da daddare kuma nakan tsince wake in jiƙa na ƙosai, don kada aikin ya taru mini da safe.