Yaro bai san minti biyar ba

Ka ce wa ɗan shekara 3 saura minti biyar mu fita, kai a ganinka ka gama bayani, shi kuwa fita kawai ya ji, sai ka gan shi bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya yana ta tambayarka "yanzu ne?" har ya ishe ka. Ba rashin ji ba ne fa. Lokaci ba ya ganuwa ba ya taɓuwa, shi kuma yaro da ido da hannu yake koyon duniya.

Akwai wani masanin tunanin yara ɗan Suwizalan, Jean Piaget, da ya wallafa bincikensa kan wannan a 1946. Sai ya sa kayan wasa biyu su tashi tare su tsaya tare amma ɗaya ya fi sauri, ya tambayi yara wanne ya fi daɗewa yana tafiya, ƙananan su ce wanda ya fi yin nisa mana. Haka ma shekaru, a wajensu duk wanda ya fi tsayi shi ne babba. Sai wajen shekara 7 zuwa 8 abin ke warware musu. To wanda har yanzu yake haɗa daɗewa da nisa, meye amfanin ka zaunar da shi kana masa karatun minti 60 awa ɗaya? Wannan lissafin na 60 ma ai daga mutanen Babila na da aka gaje shi, ba wanda aka haifa da shi a ka.

Abin da yaro ke fara kamawa shi ne me ke bin me. Wanka, sai goge baki, sai kwanciya, kullum a haka, ka ga ya samu agogonsa na farko kenan. Don haka maimakon ka ce ƙarfe 4, ce masa in ka tashi daga barcin rana. Maimakon ran Asabar, ce saura barci uku, ku rataye kalanda daidai tsayinsa, duk safiya shi da kansa ya soke rana ɗaya da biro, wallahi za ka sha mamakin yadda zai riƙe lissafin, kai ne ma za ka manta shi ya tuna maka.

Gajeren jira kuwa agogon yashi ya fi komai a wajena, saboda yana kallon yashin na raguwa, in ya ƙare ba sai an yi rigima ba, ba kai ka hana shi wasa ba, yashi ne ya ƙare. Alam ɗin waya ma yana yi, sai dai shi ba a ganin tafiyarsa, kwatsam kawai zai yi ƙara. Amma fa in ka ce minti biyar to ya zama biyar ɗin, don in yau biyar ta zama awa guda kana hira, gobe ta zama minti ɗaya saboda kana sauri, da me zai auna?

In ya ce "jiya" yana nufin abin da ya faru wata biyu baya, kar a yi masa dariya, ka dai maimaita masa daidai, eh mun je, amma da daɗewa ne. Agogon bango sai yaron ya kai shekara 5 ko 6, kuma mai hannu ya fi mai lambobi, ku fara da gajeren hannun kaɗai, in ya taɓa 8 barci. Dogon hannun ya jira tukuna.