Laraba: jar albasa, ruwan gishiri da tambayar 'yan SS1

Yau darasin ƙwayar halitta na yi da 'yan SS1, kuma tun jiya na ƙudura cewa ba da zanen allo zan fara ba. Zanen nan na littafi, da'ira da ɗige-ɗige da kibiyoyi, yara suna haddace shi tsaf saboda WAEC, su gama makaranta ba su taɓa jin cewa abin yana jikinsu yana aiki ba. Wannan yana damuna ƙwarai. Don haka da na fito daga Tudun Wada na jefa jar albasa ɗaya da ƙullin gishiri a jaka.

Babu wuta, amma maikuroskop ɗinmu mai madubi ne, sai muka ja tebur bakin taga. Na ɓare siririyar fatar albasar ta gefen ja, na shimfiɗa a gilashi da ɗigon ruwa. Suka yi layi. Ɗakuna ne jere, dogaye, kowanne da katangarsa, cike da launin shanshanbale. Na ce musu launin yana cikin jakar ruwa ne da ake kira bakiyul, wadda ta cinye kusan duk filin ƙwayar tsiro. Sai na ɗiga ruwan gishiri a gefen gilashin. Ba a jima ba launin ya fara janyewa daga katanga, ya dunƙule a tsakiya, katangar kuwa tana nan ƙyam. Ruwa ne ya fice ta siririn tantanin da ke cikin katangar. Wani yaro ya ce, "Malama, shi ya sa masu alayyahu a Bakin Dogo suke ta yayyafa masa ruwa?" Shi ne fa. Bakiyul in ta cika tana tokare katanga, ganye ya miƙe, in ta sace ya yi yaushi. Kuloropilas kuwa, koren abin da ke haɗa wa tsiro abinci da hasken rana, ba mu gani ba, don kan albasa a ƙasa yake girma. Sai a lawashi ake samunsa, inda rana ke bugu.

Wata yarinya mai zama a gaba ta ɗago ta ce, "Malama, to ina mitokondiriyar? Ina ribosom?" Na gaya mata na'urarmu sau 400 kawai take ƙara girma. Ribosom ma babu maikuroskop mai haske da zai nuna shi, sai mai aiki da elektiron, da irinsa George Palade ya bayyana shi a 1955. Robert Hooke da ya fara leƙa ɓawon itace a Ingila a 1665, katangu kaɗai ya gani, babu kowa a ciki.

Tunda ba za su gani ba, sai na bi da su hanyar abu guda, insulin, don kusan kowa yana da mai ciwon suga a dangi. Umarnin haɗa shi yana rubuce a DNA cikin nukiliyas, cibiyar ƙwayar, kuma DNA ba ta fita. Ita da tsawonta ya kai kusan mita 2 a ƙwaya guda, an nannaɗe ta a kuromosom 46. Kwafi ake yi, a fitar ta ramukan tantanin nukiliyas zuwa ribosom. Ribosom ya jera amino asid ɗaya bayan ɗaya, ya tura saƙar cikin wasu lunguna na tantani da ake kira ER, a can take naɗewa ta ɗauki siffa. Daga nan sai Golgi, mai sunan Camillo Golgi ɗan Italiya da ya gano shi a 1898. Aikinsa irin na masu karɓar saƙo ne a tashar Kawo: a ɗaure, a rubuta inda za shi, a sa a motar da ta dace. Insulin ya zauna a ƙullinsa yana jira, sai suga ya hau a jini sannan a sake shi. Lisosom na ambata a gurguje, jakar asid mai narkar da abin da ya lalace, saboda lokaci ya fara ƙurewa.

A mitokondiriya ajin ya rikice. Na ce ita ke ƙona abinci da oksijin ta samar da ATP, ƙarfin da tsoka da ƙwaƙwalwa ke kashewa, duk suka gyaɗa kai. Da na ƙara cewa tana da DNA tata ta kanta mai ƙwayoyin gado 37, kuma daga uwa kaɗai ake gadonta, sai 'yan matan suka hau tafi, mazan suka ce ba su yarda ba. Na bar su suka yi musu kaɗan. Na kuma faɗa musu bayanin da Lynn Margulis ta kare a 1967, cewa asalinta bakteriya ce da ta zauna cikin wata ƙwayar: tantaninta biyu, DNA ɗinta zobe ce, kuma rabuwa biyu take yi in za ta ƙaru.

Bayan la'asar na biya ta Unguwar Sanusi duba ɗiyar yayata, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita. Idonta ya yi fari. Yaya ta ce, "Ke da kike koyar da waɗannan abubuwa, me ya sa yake shanye jini haka?" Na zauna bakin gado na yi mata bayani iya yadda zan iya. Jar ƙwayar jini kafin ta shiga aiki zubar da nukiliyas take yi, da mitokondiriya, da ribosom, don ta cika da himogulobin mai ɗaukar oksijin. Saboda haka ba ta iya gyara kanta, kwana 120 take yi saifa ta kawar da ita, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20. Cikin wannan ƙwaya da ba ta da mai tsaro Plasmodium, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, ke shiga bayan ya bar hanta. Ya ci himogulobin, ya hayayyafa, cikin kamar awa 48 ya fasa ta ya faɗa wasu.

Abin da ya tsaya mini a rai a keke ina dawowa shi ne, Plasmodium ba bakteriya ba ne. Yana da nukiliyas, yana da mitokondiriya da ER da Golgi irin namu, shi ya sa neman maganin da zai kashe shi bai taɓa mu ba yake da wuya. Masu bincike sai sun nemo inda muka bambanta. Kulorokwin a jakar narkar da abincinsa yake kama shi, ya hana shi daskarar da gubar da ke fita daga himogulobin. Yana kuma da wani abu da ba mu da shi, apikopilas, ragowar kuloropilas da ya daina aiki da haske, kuma nan maganin doksisaikilin ke bugu. Wannan ya kamata yaran Kaduna su sani, su da kowace damina suke kwanciya da shi.

Bayan isha'i na kira wata ƙawata mai aikin gwajin jini, na roƙe ta tsohon gilashin da aka riga aka rina, mai ƙwayar maleriya a ciki. Ta ce in aiko ranar Juma'a da safe. Sai na nemi aron lens ɗin da ke kai na'urar sau 1000 da ɗan mansa, don namu ba zai nuna siffar zoben da ƙwayar maleriyar ke yi a jar ƙwayar jini sosai ba.