Takardar da ke jikin allon sanarwa

Lokacin da aka tura ni ofishin rajistara na kotu, raina bai so ba. A tunanina shari'a tana can cikin zaure, inda alƙali yake zaune lauyoyi suna fafatawa. Mu kuwa namu buga hatimi, jera fayil da manna takarda a allo. Sai da na shekara biyu kafin na gane cewa yawancin wahalar mai ƙara daga teburinmu take fitowa.

Wata tsohuwa ce ta buɗe mini ido. An canza wa alƙalin da ke sauraron ƙararta wurin aiki. Takardar canjin ta iso mana ranar Alhamis, na buga sanarwa na manna a allo, na ɗauka na sauke nauyi. Ranar Litinin sai ga ta da shaidunta biyu, ɗayan dattijo ne da ake riƙe wa hannu. Suka tarar da ƙofar zaure a kulle. Ta zo taga ta miƙo mini 'yar takardar da aka rubuta mata ranar zama, duk ta yi laushi saboda naɗi.

"Ɗana, ba yau ba ne?"

Na ce, "Yau ne, Inna, amma an ɗage. Ai mun manna a allo."

Ta waiwaya ta dubi allon, ta dawo da idonta kaina. "Ni da ban iya karatu ba, kuma ba nan nake kwana ba, ina zan gani?"

Na buɗe fayil ɗinta don in rubuta mata sabuwar rana, sai ga lambar wayarta a shafin farko. Kunya ta rufe ni. Abin da ya fi nauyi kuma, dole na yi mata bayanin cewa sabon alƙali zai iya sake shari'ar tun daga farko, domin a kotuna da yawa wanda zai yanke hukunci sai ya ji shaidu da kunnensa, ya ga yadda suke amsa tambaya. Ma'ana dattijon nan zai sake zuwa, ya sake rantsuwa, ya maimaita abin da ya riga ya faɗa. Layi biyu ne a takardar canjin aiki, amma a wurinta watanni ne.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa, a sashe na 14, ta ce a yi shari'a a bainar jama'a, kuma wanda ake tuhuma da laifi a yi masa shari'a ba tare da jan lokaci mara dalili ba. Da nake karanta wannan a makaranta, alƙalai nake gani a raina. A bakin aiki na ga inda jinkirin yake kwana: sammacin da ba a kai ba, ko an kai amma takardar shaidar kaiwa ba ta shiga fayil ba, ko takardar fito da wanda ake tsare da shi ba ta isa gidan yari a kan lokaci ba. Kowane ɗaya ya isa ya sa a ɗage zama, shi kuwa mai jiran shari'a ya ƙara kwanaki a kulle.

A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe kotuna a ƙasashe da dama, sanarwa ta koma intanet, wasu zaman kuma ta Zoom. Lauyoyi sun samu labari cikin mintuna. Waɗanda ba su da lauya ne suka ci gaba da zuwa bakin ƙofa.

Kalmomi ma na koyi tsoronsu. Mutum zai ji a labarai "an kori ƙara" ya ɗauka magana ta ƙare, alhali wata korar saboda rashin zuwan mai ƙara ce ko kuskuren takarda, ana iya dawo da ita. Wata kuwa bayan an duba hujjoji ce, sai dai ɗaukaka ƙara. Beli ba wankewa ba ne, sallama ma ba kullum take nufin an wanke mutum ba. Wa'adin ɗaukaka ƙara kuma galibi daga ranar da aka yanke hukunci yake fara ƙirgawa, ko da kwafin bai fito ba. Idan muka yi nawa wajen buga kwafi, kwanakin wani muke ci.

Yanzu kullum kafin in tashi sai na ɗauki jerin ƙararrakin gobe, in ja layi a ƙarƙashin duk wanda ba shi da lauya. Idan akwai canji, in kira shi, in faɗa masa da bakin da zai gane, in sa ya maimaita mini ranar. Wanda ban samu ba in rubuta sunansa in bai wa mai gadin ƙofa, don kada ya zauna a benci har azahar yana jiran a kira shi.