Darussan da na koya a kan tara irin naman kaza na daji

Kuskuren da ya fi cin mutane a ɗakin gwaji shi ne ɗauka cewa garin irin da hular naman kaza ta zubar a kan takardar alminiyam tsarkakakke ne. Ba haka ba ne, ko da an goge takardar da sifirit an kife kofin gilashi a kai. Abin da ya tsiro a daji ya kwaso ƙwayoyin cuta da funfuna a cikin saƙon da ke ƙarƙashin hular, kuma tare suke zubowa da irin. Sai farantin da ake renon irin a ciki ya yi kore, oga ya ce hannun ma'aikaci ne ba tsabta, alhali shi ne ya ce a kankare garin gaba ɗaya a zuba a faranti ɗaya don tsimin aga, wato abincin nan mai daskarewa da ake zubawa a faranti don irin ya tsiro a kai.

Ga yadda ya kamata. A zaɓi wanda hularsa ba ta daɗe da buɗewa ba, ba tsutsa, ba ruɓa. A sa shi a jakar takarda, domin leda tana sa shi gumi. A yanke kara, a kife hular a kan takardar alminiyam awa 6 zuwa 12. In aka bar ta ta wuce kwana, ƙwayoyin cuta ne ke ƙaruwa. Sannan a ƙona bakin siririyar wayar ƙarfe har ya yi ja, a bari ya huce, a taɓa garin kaɗan kawai, a ja layi a kan faranti uku ko huɗu yadda irin zai warwatsu. Agar dankali ta isa: dankalin Turawa giram 200, gulukos giram 20, aga giram 15 a lita ɗaya, a dafa a tukunyar matsi a zafin maki 121 na Celsius na minti 15 zuwa 20. Maganin gentamicin, in an sa shi a aga, yana rage bakteriya, amma ba ruwansa da funfuna.

Daga nan sai duba kullum. Bakteriya tana fitowa da sheƙi kamar majina cikin kwana ɗaya ko biyu. Funfunar da ake kira Trichoderma kuwa mayaudariya ce: fara take farawa, mai saurin yaɗuwa, har mutum ya yi murna, sai bayan 'yan kwanaki ta koma kore. In ta yi kore ta riga ta zubar da nata irin, kada a buɗe farantin a ɗakin. Da zarar an ga farin zaren naman kaza ya tsiro mai tsabta nesa da datti, a yanko ɗan gefensa a kai sabon faranti, a maimaita sau biyu ko uku.

Sauran ƙanana ne. Sifirit mai kashi 70 ya fi mai kashi 96 kisa, don ba ya saurin bushewa. A kashe fanka, a yi aiki cikin akwatin da iska ba ta motsi, musamman lokacin ƙurar hunturu. Zafi in ya haura maki 30, funfuna ake yi wa gata. Wanda ke fitowa a kan suri kuma, wato Termitomyces, ko an samu zarensa a faranti da wuya ya yi hula, domin da gara yake rayuwa.