Daga Bauchi zuwa Jos da abokai: inda kuɗi ke zurarewa

Jos ba ta da nisa da Bauchi. Kimanin kilomita 130 ne, ta Zaranda, Nabordo, Magama da Tilden Fulani, tafiyar awa biyu in hanya ta yi kyau. Wannan kusancin shi ke yaudarar samari, sai a ce ai ba sai an zauna lissafi ba, kowa ya riƙo abin da ya samu. Kwana biyu a can aljihu ya bushe, a shiga buga waya gida ana neman kuɗin dawowa. Alhali kuɗin mota shi ne mafi sauƙi a cikin lissafin. Abin da ke cinye guzuri shi ne zirga-zirgar cikin gari, da sanyin da ba a shirya masa ba, da maganar kuɗin da aka ji kunyar tsayarwa tun a gida.

Mu fara da maganar kuɗin, don ita ce ke raba abokai. Ku zauna wata guda ko sati shida kafin tafiya, ku rubuta abubuwan da kowa zai ci moriyarsu tare: mota, masauki, abinci, kuɗin shiga wurare, ladan ɗan jagora. Ku haɗa jimla, ku ɗora kashi 20 cikin ɗari a kai na ko-ta-kwana, sannan ku raba daidai. A riƙa zubawa duk sati kamar adashi, domin wanda albashinsa bai kai na saura ba ya samu ya cika nasa ba tare da an gane ƙarfinsa ba. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗin, wani daban ya riƙe rubutun, kowane dare a tura abin da aka kashe da abin da ya rage a zauren WhatsApp. Kuɗin dawowa a ware shi a wani aljihu, ba a taɓa shi ko da me. Tsaraba, katin waya da kwaɗayin tsire kuwa, kowa da aljihunsa.

Akwai tambayoyi biyu masu nauyin faɗa, amma dole a amsa su kafin a tashi. Wanda ya janye ana saura kwana biyu, me za a mayar masa? Adalci shi ne a mayar masa da kason abinci da na shiga wurare, a riƙe na ɗaki da na mota in an riga an biya, tunda janyewarsa ba ta rage kuɗinsu ba. Ta biyu, in da motar ɗayanku za a je, wa zai ɗauki gyara in ta lalace a hanya? Mu a ganinmu, mai mota kada ya biya kuɗin mai, sannan gyaran da tafiyar ta jawo, kamar faci ko fashewar taya, a raba wa kowa. Tsohuwar cutar da motar ta taso da ita daga gida ta mai ita ce.

Lokacin tafiya ma kuɗi ne. Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi kowane: ruwa ya ɗauke ko yana daf da ɗaukewa, duwatsu na nan kore shar, magangarun ruwa a cike, hazo bai sauko ya rufe nesa ba. A Yuli da Agusta ruwa na iya wuni yana zuba, ku biya kuɗin ɗaki ku zauna a ciki. Daga tsakiyar Disamba zuwa sabuwar shekara kuma gari na cika da masu zuwa hutun Kirsimeti, kuɗin mota da na masauki su tashi, ga sanyi a kan ganiyarsa. In da hali ku je tsakiyar mako, masu masauki sun fi sauraron ciniki ranar Talata a kan ranar Juma'a.

In ku huɗu ne ko biyar kuma akwai mota mai lafiya, lissafin mai ba shi da wuya. Zuwa da dawowa kilomita 260, yawon cikin gari da kewaye a sa 100, ya zama 360. Ƙaramar motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 36, ku ce 40 saboda hawa da cunkoso. Ku ninka da farashin lita na ranar, ku kwatanta da kuɗin motar haya na mutum biyar zuwa da dawowa, haɗe da kuɗin keke na kwana biyu. Sau da yawa motar gida ce ke yin nasara, saboda wuraren kallo a Jos a warwatse suke. Kafin a tashi a duba ruwan lagireto, man birki, fambel, tayar ajiya da jak, da takardun mota, lasisi da abin kashe gobara, domin akwai shingaye a hanya kuma tara ɗaya ta isa ta cinye kuɗin abincin yini. Bauchi tana kan tsayin mita 600 da ɗoriya, Jos kuma wajen 1,200, saboda haka zuwa hawa ne, dawowa gangara. A hawa inji ke zafi. In allurar zafi ta tashi a tsaya, a bar shi ya huce, kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa. A gangara kuma birki ke zafi in direba ya ɗora ƙafa a kai bai ɗaga ba, har ya daina kamawa. Maganinsa a sauko da giya ƙarami, inji ya riƙe motar.

Masu bin motar haya, ko Yankari Express ta gwamnatin jihar Bauchi ko ta tasha, su fita da sassafe lokacin da mota ke saurin cika. A Jos an hana achaɓa a cikin gari har Bukuru, don haka keke da tasi za ku bi. Ku shiga na layi, wanda ake biya kujera-kujera. Shata ita ce ramin da kuɗi ke faɗawa, musamman in mai keke ya ji kuna tambayar hanya. In dole sai an ɗauki shata, kamar zuwa duwatsun Shere, a yanke kuɗin zuwa, jira da dawowa gaba ɗaya kafin a hau, a biya rabi, sauran sai an dawo.

Masauki mai arha da ke bayan gari ba arha ba ne, abin da kuka rage a ɗaki za ku biya shi a keke. Ku nemi wanda ke kusa da tsakiyar gari ko ta wajen titin Bauchi, inda masallaci, mai shayi da gidan abinci ke kusa da ƙafa. Kada ku biya kuɗin ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, a Jos ba za ku kunna ta ba a wannan lokacin. Abin tambaya shi ne ruwan zafi, bargo, ƙarfe nawa ake tayar da janareta, kuma mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki. Wurare da yawa biyu suka yarda da shi, na uku sai da ƙarin kuɗi, gara a ji tun a waya. Mutum ɗaya ya shiga ya duba ɗakin, ya murɗa famfo, ya gwada makulli, kafin a miƙa kuɗi. Wanda ke da ɗan uwa ko abokin karatu a Jami'ar Jos ya tuntuɓe shi tun da wuri, ko bai ba ku wurin kwana ba zai gaya muku inda ya dace da inda bai dace ba.

Sanyin Jos na dare da asuba ne, kuma ɗan Bauchi yakan raina shi sai ya ji shi a ƙashi. Kowa ya zo da rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safa biyu, man shafawa da ƙaramin bargo. Wanda ya manta zai saya a can, kuma sayen dole ba ya ciniki. Fulas babba guda ɗaya na yi wa ƙungiya aiki sosai: shayin safe, da ɗan ruwan ɗumi na alwalar asuba. Abu ɗaya da muke roƙonku da girman Allah, kada a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari, tana sa barci, mutane na mutuwa a haka. Mai asma ya riƙe maganinsa a aljihu, ba a cikin jaka ba. Nisan tafiyar kuma ya kai na ƙasarun salla, matuƙar ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani. Ku taho da dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, sukari da ganyen shayi. Safe wajen mai shayi, rana abin da ke jaka, dare a zauna a ci mai zafi sau ɗaya. Dankalin Turawa a nan gidansa ne, ku kuma ɗanɗana gwaten acha.

Wuraren kallo a haɗa su ta fuskar da suke, kada a yi ta tsallaka gari. Ranar farko ta tsakiyar gari ce, kuma ita ce mafi arha, domin gidan tarihi, gidan namun daji na zu da filin gine-ginen gargajiya duk a waje ɗaya suke, da ƙafa ake zagawa. Gidan tarihin an buɗe shi a 1952 ƙarƙashin Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, a nan za ku ga kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok waɗanda haƙar kuza ta tono, da tarin tukwane daga sassan Najeriya. A filin gine-ginen akwai kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya, wasu sun ji jiki amma sun cancanci awa guda. Ku tambayi kuɗin ɗaukar hoto tun a ƙofa, ku kuma riƙe ƙananan kuɗi a hannu, domin taransifa na iya maƙalewa, mai POS kuma sai ya cire nasa.

Rana ta biyu ta duwatsun Shere ce, gabas da gari ta wajen Lamingo, inda ƙololuwa ta kai kimanin mita 1,829. Ku fara hawa kafin ƙarfe bakwai, kowa da ruwa lita biyu da takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba, ba takalmin fita mai santsi ba. Ku ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, a yanke ladansa na ƙungiya gaba ɗaya, ba na kai-kai ba. Wannan kuɗi ne da bai kamata a yi rowarsa ba, domin duwatsun sun yi kama da juna kuma waya na rasa sabis a wasu lunguna. Saukowa ta fi hawa haɗari, gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida, a nan ake targaɗe. Mafi rauni a cikinku shi zai sa gaba, kowa ya bi takunsa. In hadari ya haɗo, a sauko nan take.

Dutsen Riyom da magangarar ruwa ta Assop suna kan hanyar Akwanga, Assop ta wuce kilomita 60 daga gari, ta Hawan Kibo mai yawan haɗarin manyan motoci. In kwana biyu kawai gare ku, ku bar su sai wani zuwan. In za ku je, ku tambayi mai masaukinku da direbobin tasha halin da hanyar ke ciki a ranar, domin yankunan Riyom da Barikin Ladi sun sha fama da rikici. A cikin gari ma haka: a koma masauki kafin dare ya yi nisa, a yi tafiya tare, a bar gardamar addini da siyasa a cikin keke, in an sa dokar hana fita a bi ta. Kududdufan da ke ko'ina ta wajen Rayfield da Bukuru tsofaffin ramukan kuza ne, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba ya ganuwa, ruwansu sanyi ƙalau. Ko gwanin iyo ne kada ya shiga.

Tsaraba a bar ta sai safiyar komawa. A kasuwar Farin Gada ku sayi buhu ko kwando ɗaya na dankali ku raba a gida, ya fi kowa ya sayi nasa tuli-tuli. A sa a zazzage a gabanku, domin manya a sama ake jerawa. Kabeji, karas da koren wake suna jure hanya, latas da sitiroberi kuwa ba sa jure zafin but, a riƙe su a cikin mota a ci a ranar. Masu bin motar haya su yi cinikin kuɗin kaya kafin a ɗora buhun, sannan a bar Jos kafin ƙarfe uku don a shiga Bauchi da sauran rana.