Rabin maki: yadda nake shirya ma'aikatan jinya 'yan Filifins don jarrabawar IELTS da OET

Duk wanda ya fara jin ɗan Filifins yana Turanci zai ɗauka ba ya bukatar malami. Magana tana zuba babu in'ina, da karin harshe mai kama da na Amurkawa. Wannan saurin bakin yana yaudarar ɗalibi, yana kuma yaudarar malami. Da rukunin farko da na koyar ta intanet, na raba lokaci daidai tsakanin saurare da karatu da rubutu da magana. Da sakamako ya fito, magana ta yi kyau, rubutu kuwa ya maƙale a maki 6 cikin 9. Tun daga nan na sauya tsarin baki ɗaya.

Turancin nasu yana da asali. Amurka ta karɓi tsibiran daga hannun Sifaniya a 1898, a 1901 kuma aka kawo ɗaruruwan malamai Amurkawa a jirgin ruwa don koyarwa a makarantun gwamnati. Kundin tsarin mulki na 1987 ya ajiye Turanci da Filifino a matsayin harsunan hukuma, kuma da Turanci ake karatun jinya a can. Duk da haka hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Burtaniya, wato NMC, ba ta sa Filifins cikin jerin ƙasashen da Turanci ne harshen mafi yawan jama'arsu ba. Saboda haka yawancinsu sai sun zauna jarrabawar Turanci, ko IELTS ta gama-gari, ko OET ta ma'aikatan lafiya. A IELTS tana son 7 a saurare da karatu da magana, da 6.5 a rubutu. A OET tana son B a waɗancan ukun, wato maki 350 zuwa sama cikin 500, da C+ a rubutu, wato 300 zuwa sama. Sakamakon yana aiki na shekara biyu. Tambayata ta farko ga kowane ɗalibi ita ce wace ƙasa za shi, sannan mu buɗe shafin hukumar tare mu karanta sharuɗɗan kafin ya biya ko sisi, domin ana sauya su lokaci zuwa lokaci, kuma abin da Amurka ko Ostareliya ke nema ba shi ne na Burtaniya ba.

Makon farko ba na koyar da komai. Cikakkiyar jarrabawar gwaji ta IELTS nake ba su da agogo: saurare minti 30 da tambayoyi 40, karatu awa ɗaya da tambayoyi 40, rubutu awa ɗaya, duka a zama ɗaya babu tashi, sannan hira ta minti 11 zuwa 14 wadda nake naɗa. A saurare da karatu lissafin a fili yake, mutum yana bukatar wajen amsoshi 30 daidai cikin 40 kafin ya kai 7. Wanda ya samu 33 a gwajin farko ba na ɓata masa lokaci a wannan sashen, gwaji ɗaya a mako ya ishe shi. Fiye da rabin sa'o'in makonni bakwai da suka rage ga rubutu suke tafiya.

Matsalar rubutun kashi biyu ce. Ta farko nahawu, kuma tushenta harshen uwa ne. A Tagalog, babban harshen ƙasar, kalma ɗaya ce, "siya", take tsaya wa namiji da mace, haka ma a Bisaya da ake yi a Sebu. Bahaushe yana da shi da ita tun yana goye, don haka ba zai taɓa kawo wannan a ransa ba sai ya gani a takarda. Wata ɗaliba mai shekara tara tana aiki a ɗakin masu ciwon zuciya ta rubuta mini wannan: "Mrs Brown was admitted last Monday, he is complaining of chest pain since two days." A jimla guda an mai da mace namiji, an tsallaka daga abin da ya wuce zuwa na yanzu, an sa "since" a gurbin "for", an kuma haɗa jimla biyu da waƙafi. Ta san kowace ƙa'ida daga cikin huɗun idan aka tambaye ta. Hannunta ne bai saba ba. Aikatau a Tagalog yana nuna ko aiki ya kammala, ko yana gudana, ko ba a fara ba, bai damu da jiya da yau kamar na Turanci ba, shi ya sa lokuta suke cakuɗewa da zarar an shiga sauri.

Akwai kuma kalaman da suka zauna daram a Turancin Filifins har ba a jin su a matsayin kuskure: "cope up with", "result to", "based from", "open the light", "fill up the form". Banɗaki "comfort room" ne ko "CR", firji "ref", ɗauke wuta "brownout". A Manila babu mai ɗaga gira. Mai duba takarda kuwa zai ja layi.

Maimaita darasin nahawu ba ya warkar da wannan. Abin da ya yi aiki shi ne littafin kurakurai. Kowane ɗalibi yana da shafi mai gida huɗu: jimlar da ya rubuta, gyararriyarta, irin kuskuren, da sau nawa ya maimaita shi a makon. Bayan muƙala shida za ka ga kusan kowa kurakurai uku ko huɗu ne suke cinye masa maki, ba ashirin ba. Daga nan minti biyar na ƙarshen jarrabawa suna da aiki takamaimai: karatu ɗaya don farautar "he" da "she" kawai, wani don "s" na jam'i da na aikatau, wani don "a" da "the". Ido ba ya kama komai idan aka ce masa ya nemi komai. Ma'aunin masu jarrabawa na maki 7 yana son a riƙa samun jimloli marasa kuskure akai-akai, saboda haka nakan ƙirga su. Ƙa'idar da na sa wa kaina ita ce, idan jimloli masu tsabta ba su haura rabi ba, ɗalibi bai shirya yin rajista ba, komai daɗin bakinsa.

Kashi na biyu ya fi wuyar magani domin kuɗi aka biya aka saye shi. Cibiyoyin share fagen jarrabawa suna da yawa a biranen ƙasar, wasunsu kuma suna raba wa ɗalibai haddaddun jimlolin buɗewa da rufewa. Sai ka karɓi muƙala goma, takwas sun fara da "In this day and age". Masu dubawa sun san waɗannan jimlolin kamar yunwar cikinsu, ba sa ba su maki, kuma suna cin kalmomi hamsin da ya kamata a kashe a kan hujja. Ga kuma son ado da manyan kalmomi, wanda makaranta ta saba yabawa. Nakan goge gabatarwar gaba ɗaya in ce a rubuta mini ita a jimla biyu: me aka tambaya, mene ne matsayinka. Aiki na biyu na rubutu, wato muƙala mai kalmomi aƙalla 250, nauyinsa ninki biyu ne na na farko, don haka minti 40 nasa ba a taɓa su: biyar tsarawa, talatin rubutu, biyar dubawa. Sakin layi huɗu, ra'ayi ɗaya a kowane na tsakiya, da dalili, da misali. Kalmomi 270 zuwa 290 sun wadatar. Masu kai wa 350 kurakurai suke ƙara wa kansu.

A aiki na farko, inda ake bayyana jadawali ko zane a kalmomi aƙalla 150, ma'aikatan jinya suna da wata cuta ta sana'a. Sun saba rubuta kowane adadi a fayil ɗin majinyaci, sai su kwashe duk lambobin zanen ɗaya bayan ɗaya su manta da jimla biyu da za su faɗi babban abin da zanen ya nuna. Idan babu wannan taƙaitawar, makin wannan ma'aunin ba ya wuce 5. Ina hana su rubuta lamba ko ɗaya sai sun faɗa mini da baki me ya hau, me ya sauka, me ya fi yawa.

Muƙala biyu a mako sun isa, da sharaɗin a sake rubuta kowace bayan gyara. Wanda ya rubuta biyar bai sake ko ɗaya ba, kuskurensa yake haddacewa.

Saurare matsalarsa kunne ne da ya saba da Amurka. A jarrabawar za a ji Baturen Ingila da na Ostareliya da na Niyuzilan. Harafin ƙarshe na abacada su "zee" suka sani, sai a ce "zed". Lambar waya a ce "double four" ko a kira sifiri "oh". "Fortnight", wato mako biyu, da yawa ba su taɓa amfani da ita ba. Mutumin Ostareliya ya ce "eight" ko "day", wasalin ya karkace, ɗalibi ya tsaya tunani, tambaya biyu su wuce shi, kuma sau ɗaya ake kunna muryar. Minti 15 kullum na shifta daga rediyon Burtaniya ko Ostareliya, a rubuta abin da aka ji kalma da kalma, yana gyara wannan cikin wata guda. Sauran asarar ta sakaci ce: barin "s" a ƙarshen kalma, ko rubuta kalma uku inda aka ce kada a wuce biyu. Rubutun kalma irin na Amurka ana karɓarsa, wannan ba abin damuwa ba ne.

A karatu abu ɗaya kawai zan ambata. Tambayoyin gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a faɗa ba, suna kayar da ma'aikatan lafiya idan nassin ya shafi lafiya, domin da iliminsu suke amsawa. Dokata ita ce a ɗora yatsa a kan layin da ya ba da amsa. In babu layin, ba a faɗa ba.

Wajen furuci, Bahaushe ba shi da bakin yi wa kowa dariya, domin rikicin "p" da "f" namu ne tare. Su sun ƙara da "b" da "v", har "vowel" ta koma "bowel", abin da ba a so a bakin ma'aikacin asibiti. Madubi da takarda nake sa su ɗauka. A "f" haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, a gani a madubi. A "p" leɓɓa su haɗu, iska ta kaɗa takardar. Kalmomi biyu-biyu, "pill" da "fill", "cup" da "cuff", minti biyar kullum. Sai "fifteen" da "fifty", waɗanda nake matsa wa lamba fiye da kima saboda a ma'aunin magani bambancinsu rai ne. Ba na ƙoƙarin sauya wa kowa karin harshe, jarrabawar ba ta nemi haka ba, a gane ka kawai take so.

Abin da ya fi furuci cin maki a hira shi ne kunya, wadda suke kira "hiya". An tarbiyyantar da su kan girmama na gaba, da "po" da "opo" a harshensu, da "ma'am" da "sir" a Turanci. Ladabin ba laifi ba ne, amma yana haifar da gajerun amsoshi da saurin yarda da mai tambaya, alhali kashi na uku na hirar ra'ayi da hujja yake nema. Idan Turanci ya yi nauyi sukan yi dariya su ce "nosebleed", wai haɓo ya kama su, sai su yi shiru. Ina sa su yi gardama da ni da gangan: in faɗi magana, dole ɗalibi ya ƙi yarda ya kawo dalili biyu. A kashi na biyu, mai minti ɗaya na shiri da biyu na magana, yawanci man yana ƙarewa a daƙiƙa 70. Kalmomi shida kawai za a rubuta a takardar shiri, biyu daga ciki su zama na wani abu da ya taɓa faruwa, domin labari ne yake cika lokaci. Akwai kuma amsar tambayar korewa. A ce "You don't smoke?" su ce "Yes", suna nufin ba sa sha, daidai yadda Bahaushe zai ce "E, ba na sha." Bature kuwa akasin haka zai fahimta.

Wanda ya zauna IELTS sau biyu rubutu bai motsa daga 6 ba, nakan ba shi shawarar komawa OET. Ba sauƙi ta fi ba, kuma ta fi tsada, amma filin nasu ne. Rubutunta wasiƙa ce ta miƙa majinyaci ko sallamarsa, kalmomi 180 zuwa 200, minti biyar na karanta bayanan majinyaci da 40 na rubutu. A nan kuskuren shi ne kwashe duk bayanan. Wasiƙa zuwa ga mai gashin ƙashi ba ta bukatar tarihin tiyatar ido ta shekara goma da suka wuce. Kafin rubutu ina sa su yi wa kowane layi alama ɗaya cikin uku: dole, wataƙila, a bari. Dalilin wasiƙar ya fito a jimlar farko. A kula da kwanan wata: a Filifins wata ake fara rubutawa, a takardun OET rana ce a gaba, don haka 03/04 uku ga Afrilu ne, ba huɗu ga Maris ba. A hirarta, wasan kwaikwayo biyu na kimanin minti biyar-biyar, ana ba da maki kan yadda ka saurari majinyaci ka kuma yi masa bayani da kalmomin gida. Wanda ya ce "hypertension" bai fassara ba, ko ya yi ta zuba umarni bai tambayi abin da ke damun majinyacin ba, ya yi asara ko da nahawunsa babu tabo.

Manila tana gaban Kano da awa bakwai, Riyad tana gaban Kano da awa biyu, kuma da yawa daga cikin ɗaliban a asibitocin Saudiyya suke aiki suna neman hanyar Burtaniya. Mai fitowa daga aikin dare ba ya riƙe darasin awa biyu. Minti 45 sau huɗu a mako ya fi amfani, sai cikakken gwaji a ranar hutunsa kowane mako biyu. Idan a kwamfuta zai zauna, to tun daga makon farko a kwamfuta zai riƙa rubutu, a kashe mai gyaran kalma, domin waya ta ɓata wa mutane da yawa iya harhaɗa baƙaƙe. Mai kalmomi ƙasa da 30 a minti yana bukatar atisayen bugu daban.

Idan sakamakon IELTS ya fito da giɓin rabin maki a rubutu ko magana, ana iya neman a sake dubawa cikin mako shida, ana biya, ana kuma mai da kuɗin idan makin ya ƙaru. Ina ba da wannan shawarar ne kawai ga wanda gwaje-gwajensa uku na ƙarshe suka kai makin da ake nema. A saurare da karatu ba na ba da ita, tunda amsa ko daidai ce ko ba daidai ba. NMC tana kuma yarda a haɗa sakamakon zama biyu cikin wata 12 bisa wasu sharuɗɗa, don haka a ajiye takardar zaman farko. Ranar jarrabawa a tafi da ainihin fasfon da aka yi rajista da shi. Wanda ya sabunta fasfo tsakanin rajista da ranar zama ya sanar da cibiyar tun da wuri, in ba haka ba ana iya mai da shi daga bakin ƙofa.